Daren da na kwana a Asakrem, dutsen da ake auna iskar duniya

Ni dai malamin lakwal ne a Damagaram, kimiyya nake koya wa yara, kuma duk shekara sai na tsaya gaban allo na rubuta masu cewa iskar da muke shaƙa kashi 78 naitirojin ce, kashi 21 oksijin, sauran 'yan ƙananan abubuwa. Su kwafa, in tambaye su a jarabawa, su mayar min. Ban taɓa jin abin a jikina ba sai a hutun watan Disambar 2022 da na je Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya ziyarar yayana, wanda ya shekara fiye da goma yana kasuwanci a can.

Hanyar ba zan daɗe a kanta ba don duk ɗan arewacin Nijar ya santa, Tanut, Aderbisinat, Agadas, Arlit, daga nan sai Asamaka a bakin iyaka, a tsallaka In Gezam, sai kuma wajen kilomita 400 kafin Tamanrasset. Takarduna sun cika, ban samu matsala ba alhamdulillahi, gajiya ce kawai da ƙura da leɓe da ya tsattsage. Na yi kwana huɗu ina zaman shagon Yaya ina mamakin yawan Hausar da ake ji a garin, sai ranar na biyar ya ce, "Malam, kai da kake son duwatsu, gobe akwai abokina mai kat-kat zai kai baƙi Asakrem, na ce ya ajiye maka wuri. Amma ka ɗauki bargo biyu." Na ce Yaya ai ɗaya ya isa. Ya ce ka ɗauki biyu. Allah Ya saka masa da alheri.

Daga gari zuwa saman dutsen wajen kilomita 80 ne amma mun ci awoyi, don hanyar duk tsakuwa ce da hawa da kwana. Direban namu dattijon Ba'abzine ne, yana jin Hausa sarai don ya yi zaman Agadas da ƙuruciya. Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne siffar duwatsun, ba irin na Damagaram ba ne masu mulmulallen baya, waɗannan a tsaye suke cak kamar turame da tabare an kakkafa, wasu da zane-zane a tsaye kamar an jera azara. Duwatsun aman wuta ne da suka mutu tuntuni. Narkakken dutsen da ya daskare a maƙogwaron kowane ɗaya shi ne ya rage a tsaye, jikin kuwa iska da ruwa sun cinye. Ina kallonsu ina tuna abin da muka karanta, cewa iskar duniya ta farko daga irin waɗannan bakuna ta fito, tururin ruwa da iskar kabon da naitirojin, lokacin da duniya take sabuwa shekaru fiye da biliyan huɗu da suka wuce. Babu oksijin a cikinta. Da za a ajiye mutum a wannan zamani da numfashi kaɗan zai yi ya faɗi.

A wani kwari direban ya tsaya ya ce mu sauko, ya kai mu gindin wani falalen dutse ya nuna mana zanen shanu masu dogayen ƙaho an sassaƙa a jiki. Ya ce da ni, "Malam, kai da ka yi karatu, shanu me suke ci a nan?" Na waiga, ko ganye ɗaya babu. Na ce Baba, da can nan ciyawa ce da tafkuna. Tsakanin shekaru wajen dubu goma sha ɗaya zuwa dubu biyar da suka wuce damina tana shigowa har tsakiyar Sahara, tafkin Cadi ya kasance kamar teku, kuma raƙuman dawan da aka sassaƙa a Dabus tsakanin Agadas da Arlit shaida ce irin wannan. Ya gyaɗa kai ya ce to ka ga ke nan duniya dama tana sauyawa, me ya sa yanzu ake ta hayaniya a rediyo wai mutane ne suka ɓata yanayi. Wallahi tambayar ta tsaya min, na ba shi amsa rabi da rabi, cewa wancan sauyin daga yadda duniya ke karkata da kewaya rana ne kuma ya ɗauki dubban shekaru, amma ni kaina na ji amsar ba ta ƙoshi ba. Sai a saman dutsen na samu cikonta.

Mun iso masauki bayan la'asar, daga nan kuma sai da ƙafa ake hawa ragowar. Hawan bai fi na 'yan mintoci ba amma na tsaya sau uku ina haki, ƙirjina yana bugawa kamar na yi tsere. Wurin ya haura mita 2,700 sama da teku. Oksijin ɗin yana nan kashi 21 yadda yake a Damagaram, iskar ce gaba ɗaya ta yi shara-shara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu nata ya ragu, kowane numfashi sai ya zo maka da ƙasa da abin da ka saba. A nan na fara gane cewa wannan sararin da muke gani kamar ba shi da iyaka, siriri ne ƙwarai. Rabin nauyin iskar duniya duka yana ƙasa da kilomita biyar da rabi ne. Kilomita biyar da rabi fa, abin da yaro ke takawa zuwa lakwal daga ƙauye.

A saman akwai ɗan ɗakin dutse da wani fada Bafaranshe, Charles de Foucauld, ya gina a 1911, shi baƙin da muka zo da su suka zo gani, da faɗuwar rana a kan tsaunuka, ana hango Tahat wanda ya fi kowane dutse tsawo a Aljeriya. Kyau kam akwai shi, ba zan iya kwatanta jan da duwatsun suka yi ba. Amma ni idona ya tafi kan wani gini can gefe mai faranta na hasken rana da dogon ƙarfe da na'urori a kai. Na tambayi direba ya ce na masu auna yanayi ne. Ashe ita ce tashar Asakrem, ɗaya daga cikin tashoshi wajen talatin na Hukumar Yanayi ta Duniya da aka warwatsa a wuraren da suka fi nisa da hayaƙin birane don sa ido a kan abin da ke cikin iska.

Da dare a masauki muna zaune gefen wuta ana dafa shayi, sai ga wani magidanci ya shigo cikin jibgegiyar riga, ashe cikin ma'aikatan tashar yake. Da ya ji ni malamin kimiyya ne daga Nijar sai ya matso, muka shiga hira da Faransanci har shayi na uku. Shayin ma abin lura ne, a can ruwa yana tafasa tun wajen digiri 91, shi ya sa direba ya bar buta ta daɗe a kan garwashi.

Ya ce aikinsu ba wani abin kallo ba ne. Ana fita da tulunan gilashi bibbiyu, a fuskanci inda iska ke fitowa, a ɗura masu iska a toshe, a aika da su har birnin Bolda na jihar Kolorado a Amurka inda ake auna irin waɗannan tuluna daga sassan duniya, kuma tun 1995 ake yin haka daga wannan dutse. Har numfashin mai ɗurawa sai an yi hattara da shi don kada ya ɓata awon. Na ce to me kuke samu. Ya ce abin da ake samu a Mauna Lowa ta tsibirin Hawai, inda wani Ba'amurke Charles Keeling ya fara awon a 1958, shi ake samu a nan, bambancin kaɗan ne. Lokacin da Keeling ya fara, iskar kabon kashi 315 ce cikin miliyan. Lokacin da aka fara ɗura tulu a Asakrem tana wajen 360. A daren da muke magana ta kusa 420. Kafin Turawa su fara ƙona kwal a masana'antu kuwa 280 ce.

Na yi shiru. Don ka duba inda muke zaune, babu masana'anta, babu cunkoson motoci, ko itacen da muke ƙonawa daga ƙasa aka hau da shi, ɗaruruwan kilomitoci ta kowace fuska dutse ne da rairayi. Amma hayaƙin da aka ƙona a Caina da Jamus da Amurka ya iso nan ya gauraya daidai wa daida, kamar yadda gishiri ke bin miya har gefen tukunya. Iska ba ta san Asamaka ba, ba ta tsayawa duwan.

Yadda nake gaya wa yara yanzu shi ne, ku ɗebi ƙwayar gero dubu goma ku ce ita ce busasshiyar iska. Ƙwaya 7,808 naitirojin ce, 2,095 oksijin, 93 wata iska ce da ake kira argon wadda ba ta shiga harkar kowa, sai ƙwaya 4 kacal su ne kabon. A zamanin kakannin kakanninmu ba su cika 3 ba. Duk rigimar duniya a kan wannan ƙwaya ɗaya da 'yan kai da aka ƙara ce. Kuma na san abin da mutum zai ce, don ni ma na faɗa wa ma'aikacin, ta yaya ƙwaya huɗu cikin dubu goma za ta dami duniya? Bai ba ni amsa da baki ba, ya ce in fita waje tukuna.

Na fita. Kai jama'a! Sanyin da ya mare ni ban taɓa jin irinsa ba, har cikin haƙora. Wurin da da rana na tuɓe rigar sanyi saboda rana na dukan ƙeya, yanzu dutsen da na dafa kamar ƙanƙara. Sama kuwa tas, babu ɗigon gajimare, taurari kamar ka miƙa hannu ka ɗebo. Na dawo ina rawar ɗari ya ce, to ina zafin ranar ɗazu ya tafi? Ya nuna sama da yatsa. Ƙasa tana shan hasken rana da yini, da dare kuma tana mayar da shi a matsayin wani zafi da ido ba ya gani, irin wanda kake ji a fuska in ka matsa kusa da bangon da rana ta daka ko bayan magariba. Naitirojin da oksijin, duk yawansu, wannan zafin ratsa su yake ya wuce abinsa kamar ba sa nan. Masu tare shi su ne 'yan tsirarun, tururin ruwa da kabon da iskar mitan, su ne ke kama shi su mayo da wani kaso ƙasa. A Asakrem iska busasshiya ce ƙayau kuma siririya, bargon da 'yan tsirarun nan ke yi wa ƙasa ya yi shara-shara, shi ya sa zafin ke tserewa da zarar rana ta faɗi.

Wallahi a take na tuna gida. Kowa a Damagaram ya san daren bazara gab da faɗuwar damina, in iska ta jiƙe hadari ya rufe sama bai zubar ba, ka fito tsakar gida ka shimfiɗa tabarma amma gumi bai barinka barci har asuba. Kowa kuma ya san daren hunturu da sama take wayam iska ta bushe, da rana ka nemi inuwa da asuba ka nemi wuta. Tun muna yara muke rayuwa cikin wannan darasi, sunansa ne kawai ba mu sani ba. Kuma bargon nan rahama ne, wannan nake so a fahimta, don da babu shi matsakaicin zafin duniya da ya zama digiri 18 ƙasa da sifiri maimakon wajen 15 da muke da shi, duk tekuna da sun daskare. Matsalar ita ce ƙara masa kauri. Tun 1859 wani masani John Tyndall ya gwada a ɗakin bincike ya ga kabon da tururi na tare zafi, a 1896 kuma Svante Arrhenius na Suwidin ya zauna ya lissafa da hannu yadda duniya za ta ɗumama in kabon ya ninka. Ba sabuwar magana ba ce da aka ƙirƙiro jiya don a hana mu ci gaba, kamar yadda nake ji wasu na faɗa a majalisa.

Na tambaye shi, in tururin ruwa ya fi kowa tare zafi, me ya sa kabon ake zargi. Ya ce tururi baƙon kwana tara ne ko goma, ya taru ya zuba ruwa ya sauka. Kabon kuwa in ya hau, wani kasonsa sai ya yi ɗaruruwan shekaru. Shi ne ke fara ɗumama iskar, iska mai ɗumi kuma tana ɗaukar tururi fiye da mai sanyi, wajen kashi 7 cikin ɗari a kan kowane digiri ɗaya, tururin ya zo ya ƙara zafin. Wannan magana ta dawo min a daminar 2024 da ruwa ya yi mana ɓarna, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe muna ji muna gani, Maiduguri ta nutse. Iskar da ta fi ɗaukar ruwa, ran da za ta sauke shi da yawa take saukewa.

Bargo biyun Yaya da rigunana duka na haɗa na kwanta, barci ya ƙi zuwa, sai tunani. Na riƙa bin tarihin iskar nan da nake ja da ƙyar. Kusan rabin rayuwar duniya babu oksijin a sama, sai wasu ƙananan halittu na cikin ruwa, dangin gansakuka waɗanda ido ba ya gani, suka fara cin hasken rana da kabon suna fitar da oksijin. Shekaru miliyoyi ƙarfen da ke narke a teku yana shanye shi yana yin tsatsa yana kwantawa, shi ne ma yawancin tamar da ake haƙa yau, sai wajen shekaru biliyan 2.4 da suka wuce ya fara taruwa a sama. Daga shi aka samu rufin ozon da ke tare mugun hasken rana, sannan rayuwa ta iya fitowa tudu. Dazuzzuka suka tsiro suka zuƙe kabon suka mutu aka binne su suka zama kwal, irin wanda ake haƙa a Anu Araren kusa da Cirozerin, na wuce ta yankin a hanyata ta zuwa. Abin da ƙasa ta ɗauki miliyoyin shekaru tana ɓoyewa, shi 'yan Adam suka tono suka ƙona cikin shekara ɗari biyu. Ga amsar Baba direba ke nan. Ƙanƙarar Antatika ta adana kumfar tsohuwar iska ta shekaru dubu 800, an haƙo an auna, a duk tsawon nan kabon yana kai da kawowa ne tsakanin 180 da 300, har zamanin da shanun nan ke kiwo a Sahara bai wuce nan ba. Yanzu ya haura 420.

Abin da ya fi ci min rai, kuma har yanzu yana ci, Afirka duka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na wannan hayaƙin na kwal da fetur da gas. Manomin Tanut da bai taɓa mallakar ko babur ba yana ƙarƙashin bargo ɗaya da mai jirgin sama na kansa, kuma shi ne ba shi da abin da zai kare kansa in shuka ta ƙone ko ruwa ya tafi da rumbu. Ban yarda a ce mana mu bar girki da kiwo don gyara abin da ba mu muka ɓata ba. Amma kuma ban yarda mu ce ƙarya ce ba, don na zauna da mutumin da ke ɗura tulun da hannunsa.

Da asuba ruwan butar da na bari a waje ya yi ɓawon ƙanƙara a sama, sai da direba ya ɗumama mana wani muka yi alwala. Muka sake hawa don ganin fitowar rana, muna tafe yana ba ni labarin taurarin da suke bi a Tenere, har muka zo kan Zara matar wata. Na ce Baba, ita ma duniya ce kusan girman tamu, amma iskarta kashi 96 kabon ce, zafin ƙasarta ya haura digiri 460, darma ma narkewa take. Ya tsaya ya gyara rawaninsa ya ce, "Duk kyan nan nata?" Na ce duk kyan nan. Na kuma mayar masa da amsar tambayarsa ta jiya yadda na fahimce ta cikin dare, ya saurara har ƙarshe, ya ce shi dai abin da ya sani rijiyoyin da mahaifinsa ke shayar da raƙuma da yawansu yanzu sai an ƙara igiya.

Kafin mu sauko na shanye ruwan gorar roba da ke hannuna, na ɗaga ta sama iskar Asakrem ta cika ta, na murɗe murfin tam na sa a jaka. Muna isa Tamanrasset na ciro ta na ga ta fara lotsewa, Yaya ya ce ko na zauna a kanta ne, na ce a'a, nauyin iskar nan ƙasa ne ya matse ta. Da na iso Damagaram ta ƙara shigewa ciki sosai kamar an taka. Ranar da aka koma lakwal na ajiye ta a kan tebur ban ce komai ba, na bar yara suna ta zagaya ta suna gardama, sai wata yarinya daga bencin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, a buɗe mu ji ko iskar can tana da wari." Na ce ba za a buɗe ba tukuna, kowa ya kawo gero cikin tafin hannu gobe, za mu yi ƙirga.